Ranar da Auta Ta Juya Allo

Duk wanda ya ce min aikin Auta ɗiga magani ne a ido, sai mun yi da shi, ko waye shi. Na ji ana faɗa, har a cikin dangi. Wai ita ba likita ba, ba nas ba, to mece ce? To ku gyara zama in gaya muku mece ce, ni da na goya ta a bayana.

Ni goggonta ce, yayar ubanta, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗinki nake yi, kekena na ɗakin ƙofar gida tun rasuwar maigidana, da ƙanena ya ce in tattaro in dawo wurinsa. Shi kuwa motar makarantar yara yake ja, wata doguwar bas, shekara ashirin da shida. Unguwa kaf ba mai kiran sunansa, Direba ake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Auta ce ta ƙarshe a 'ya'yansa biyar, kuma sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa ba ya ce mata komai sai Uwata.

Tun tana ƙarama yarinyar nan shiru-shiru ce, amma abu ba ya wuce idonta. Ita ke zura min zare a allura tun tana shekara biyar. In na yanka hannun riga ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, tana zaune a ƙasa tana wasa da ƙyallaye za ta ce, "Goggo, wannan ya fi." In ɗauko tef in auna, in tarar haka ne, in ji kamar in make ta. Kuma gaban mai kaya take faɗa, don Allah ku ji! Ba ta iya gani ta kawar da kai ba, iyakar aibinta ke nan.

Ta so ta yi karatun likita, maki bai kai ba. Ta sha kukanta kwana biyu, ta wanke fuska, ta shiga makarantar da ake koyar da masu taimaka wa likitan ido. Su ne ke gwada ganin mutum kafin ya shiga wurin likita, su auna idon da na'ura, su ɗiga maganin da ke buɗe shi, su gwada gilashi, su jera kayan tiyata.

Abin da ta fara kawo mana gida daga makarantar nan shi ne allon gwaji. Farin kwali ne dogo, an zana masa wani baƙin harafi mai ƙafa uku, kamar matajin kai da haƙora uku suka rage masa. Na sama ƙato, suna tafiya suna ƙanƙancewa har ƙasa. Ba karatu ake yi ba. A nuna maka da sanda, ka faɗi inda ƙafafun suka dosa, sama ko ƙasa, hagu ko dama. Ta ce sai mutum ya zauna nesa da shi mita shida cif. Ta ɗauki tef ɗina ta yi ta rarrafe a baranda, sai ta tarar biyar da rabi ce. Na ce haba, rabin mita me zai ƙara, me zai rage? Ta ce, "Goggo, shida aka ce." Sai da aka fitar da kujera tsakar gida, daidai inda ubanta ke zama ya sha shayi in ya dawo da la'asar.

Shekara biyu allon nan yana rataye a bangonmu. Da farko kowa ɗoki yake a gwada shi, daga baya in aka ga ta ɗauko sanda sai a watse. Direba ne kaɗai bai taɓa gajiya ba. Zai rufe ido ɗaya da murfin butar shayi ya ce, "Gwada ni, Uwata." Har abin ya zame masa waƙa. Yana wanke bas a ƙofar gida za ka ji shi, dama, sama, hagu, hagu, ƙasa, yana kaɗa kai. Muna ta dariya, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Da ta gama, aka ɗauke ta a sashen ido na babban asibiti. Ni na rage mata farar rigar aikin, don wadda aka ba ta mutum biyu za su shiga. Na ƙara mata aljihu a ciki ba ta roƙe ni ba. Ranar farko Direba ya kai ta har bakin ƙofa da bas ɗin makaranta babu kowa a ciki, ya danna mata oda sau uku, ta shige da gudu don kunya.

Wanda aka haɗa ta da shi wani dattijo ne da ake kira Mai-Tocila, saboda ƙaramar tocilar da ba ta rabuwa da aljihunsa. Shekararsa talatin a ɗakin nan, kuma ba a taɓa jin ya ce wa wani sannu da ƙoƙari ba. Ya gaya mata wata shida za ta yi na gwaji, bayan nan shi zai rubuta a riƙe ta ko a sallame ta. Makon farko bai bar ta ta taɓa na'ura ba. Wanke hannu, goge inda ake ɗora haɓa, sai kuma rako tsofaffi daga dogon benci zuwa kujera. Ya ce mata, "Kada ki ja wanda ba ya gani kamar akuya. Ki ba shi gwiwar hannunki ya riƙe, ki faɗa masa akwai matakala." Takan dawo ƙafa a kumbure, ta zauna kusa da kekena tana ba ni labarin tsohuwar da ke kai wa na'urar hura iska duka, da malamin da ya rantse gilashin maƙwabcinsa ya fi yi masa daidai. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

A wannan lokacin ne Direba ya fara wasu abubuwa. Ya zuba shayi ya sauka gefen kofi, ya ce kofin ne aka matsar. Ya gogi ƙofar makaranta da bas, ya ce maigadi ne bai buɗe ta sosai ba. Da safe in rana ta fito sai ya yi ta mita, wai gilashin motar ya tsufa, yana kashe ido. Maƙwabci ya gaishe shi daga tsallaken titi, sai ya ji murya yake amsawa. Ni na gani, matarsa ta gani, muka yi gum. Auta kuwa tana fita tun yana shirin fita, ta dawo ya riga ya zauna a kujerarsa, inda ya san wurin komai.

Sai aka kawo wa makarantarsu sabuwar shugaba. Matar nan ta ce duk mai jan yara sai ya kawo takardar gwajin ido daga asibiti, in babu, ya ajiye makulli. Ranar Direba ya dawo bai taɓa shayinsa ba. Can sai na ji yana tambayar Auta, cikin wasa-wasa, wai wace rana ce Mai-Tocila ke wuni a ɗakin tiyata? Ta ce Laraba, ranar ita kaɗai ce a wurin allo. Ya ce to, madalla.

Laraba na zuwa ya ce in raka shi, tunda ni ma na daɗe ina kukan ramin allura ya ɓace min. Na sa mayafi na bi shi. A hanya ya riƙe min hannun riga wurin tsallaka titi, wai don kada mota ta kaɗe ni. Amma na san wa ke riƙe da wa.

Ɗakin gwajin dogo ne siriri, kujera a nan, allo a can ƙarshen bango da fitila a kansa. Ina ɗaga kai na gane shi. Irin na gidanmu ne sak, har jerin ƙafafun. Auta ta gaishe mu kamar yadda take gaishe da kowa, ta karɓi takardar, ta miƙa wa ubanta abin rufe ido, wani baƙin roba mai kama da ludayi. Ta je ta tsaya gefen allo da sandarta.

Kai, ranar na ga karatu! Kafin sanda ta sauka ya faɗa. Dama, sama, hagu, hagu, ƙasa. Layi bayan layi, har na can ƙasa, wanda samari ma sai sun ƙanƙance ido. Ya sauke ludayin yana murmushi ya ce, "Yaya kika gani, Uwata? Tsohon naki da sauransa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, mu ɗan sake layi na biyar." Maimakon ta faro daga farko, sai ta ɗora sanda a kan na ƙarshe. Ya ce dama. Ƙafafun kuwa ƙasa suke kallo, ni da nake neman gilashi ma na gani. Ta matsar da sandar baya, ya ce sama, alhali hagu ne. Jerin da ke kansa yake bi, bai ma ga inda sandar take ba.

Nan fa zan faɗi laifina, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tashi na je kusa da ita na rage murya na ce, "Ke, rubuta masa kawai. Ubanki ne. Shekara ashirin da shida bai taɓa taka ko kaza ba, hanyar nan ko ido rufe ya san ta. Kada ki tozarta shi a bainar jama'a." Ta dube ni, idonta ya cika. Ta ce, "Goggo, koma ki zauna." Wallahi tunda aka haife ta ba ta taɓa yi min magana da wannan murya ba.

Ta sa hannu ta sauke allon daga ƙusa, ta juya bayansa ta rataye. Ashe bayan ma allo ne, harafin ɗaya, jerin daban. Ta ce, "Baba, rufe na hagu." Ya faɗi na sama daidai. Layi na biyu ya yi ta leƙe, ya samu ɗaya. A na uku bai samu ko ɗaya ba. Da aka koma idon hagu, ƙaton na sama ma sai da ya karkata kai.

Ta dawo teburi ta ɗauki biro. Ya ce, "Uwata, kin san abin da kike rubutawa?"

Ta ce, "Na sani, Baba."

"Makullina za su karɓa."

"Na sani. Yara talatin da biyu ne a bayanka, Baba, kullum safiya."

Ta rubuta abin da ta gani, ba ƙari ba ragi, hawaye na ɗiga a kan farar rigar da na rage mata. Ta ce ya jira likita ta duba shi, ga alama yanar ido ce, kuma ana cire ta. Bai tsaya ji ba. Ya ajiye ludayin a hankali, ya miƙe ya fita, kafaɗarsa ta bugi bakin ƙofa. Na bi shi ina jan tsaki, ban ko waiwaye ta ba.

Suka karɓi makullin kuwa. Ba su kore shi ba, don sun san darajarsa, amma abin da suka yi masa ya fi kora ciwo. Aka ce ya riƙa wanke motar, wani ya ja. Mutumin da yara ke rige-rigen zama bayansa ya koma riƙe bokiti, yana jin motarsa na fita ana mata canjin giya kamar ana yaƙi. Kwana goma sha tara bai ce wa Auta uffan ba. Ta gaishe shi, ya kalli bango. Allon baranda ma ya sa aka sauke.

Ni kuwa ban raga mata ba. Na ce ke wace irin 'ya ce? An ba ki farar riga wata uku, kin fara da ubanki? Na faɗi maganganu da yanzu in na tuna sai in ji kunya. Ba ta rama ba. Kullum da safe kafin ta fita, sai ta ajiye katin ganin likita a ƙarƙashin kofin shayinsa. Kullum ya ture shi gefe, washegari ta mayar. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a wurinsa ta gado.

Rana ta ashirin, da hantsi, ya shigo ɗakin ɗinkina wai maɓallin rigarsa ya fita. Ya zauna a kan buhun ƙyallaye yana juya hula a hannu. Ina ɗinki ya ce, "Yaya, akwai abin da ban gaya wa kowa ba." Ya ce mako guda kafin gwajin nan, a ƙofar makaranta, wata 'yar aji ɗaya ta yar da gorar ruwanta ta sunkuya ɗauka a gaban bas. Rana na dukan gilashi, shi bai ga komai ba sai fari. Ihun malamar da ke rakiyar yara ne ya sa ya taka birki. Da ya sauko, tsakanin taya da yarinyar bai kai tsawon hannunsa ba. Ya ce, "Na san ba na gani, Yaya. Tsoro nake ji a taɓa min ido da wuƙa. Kuma in ba mota, ni waye?"

Allurar ta soke ni ban ji ba. Ni ce fa na ce a rubuta masa kawai. Na ce, "Tashi ka ɗauko katin nan tun ban ci mutuncinka ba, ƙaton banza, jikoki gare ka kana tsoron likita." Muka yi dariya, muka share ido.

Likita ta duba ta ce yana ce a duka biyun, ta hagu ta nuna sosai. Za a cire ta a sa masa wani ɗan gilashi a ciki, ƙarami kamar ɓawon ƙwayar wake. Amma kowane ido da irin nasa, sai an auna, kuma in awon ya kuskure mutum zai tashi yana gani dishi-dishi har abada. Wa ke awon? Masu ɗiga maganin nan da ake rainawa. Auta ta roƙi Mai-Tocila ya yi, tunda mahaifinta ne. Ya ce ta yi nata, ya yi nasa, a gwama. Ta sa ubanta ya ɗora haɓa a na'ura, ta ce, "Baba, kalli jan ɗigon nan, kada ka ƙifta." Ya ce, "To, Uwata." Kalmar farko ke nan da ya yi mata cikin mako uku. Sau uku ta auna kowane ido. Da Mai-Tocila ya yi nasa, ya kalli takardarta ya kalli tasa, ya mayar da biro aljihu bai ce komai ba. A wurinsa wannan kirari ne.

Aka yi na hagu, bayan wata guda aka yi na dama. Ranar da aka cire masa bandeji na farko ina tsaye. Auta ce ta ɓare filastar a hankali, ta goge masa da auduga. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Yaya, zo ki gani. Wallahi fuskar Inna ce. Yaushe ta koma haka?" Shekara uku ashe bai ga fuskar 'yarsa sosai ba, yana zaune da ita gida ɗaya. Sai kuma ya juyo gare ni ya ce, "Ke kuma ashe haka kika tsufa?" Na ce a mayar masa da bandejinsa.

A ƙarshen wata na shida takardarta ta fito, an riƙe ta. Mai-Tocila ya tare ni a barandar asibiti, ni da ban taɓa jin ya yi jimla biyu a jere ba. Ya ce ranar Larabar nan ya fito ɗaukar wani abu, ya tsaya bayan labule ya ji komai, har da abin da na ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce, "Hajiya, na'ura kowa zai iya koya, wata biyu ya isa. Abin da ta yi ranar, ni ban san yadda ake koyar da shi ba."

Da idanun suka warke, Direba ya koma neman takardarsa. Wannan karon ranar Litinin ya zaɓa, kowa na nan. Auta ta ce Mai-Tocila ya gwada shi. Ya ce a'a, Uwata ce ta kayar da shi, ita za ta tashe shi, dattijo ya tsaya ya yi shaida. Ya zauna, ya ɗauki ludayi, sai ya ce, "Wancan allon na san shi, bayansa ma na taɓa gani. A kawo wani." Aka aika ɗakin yara aka aro nasu. Ya bi shi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yana jiran sanda ta sauka. A layin ƙarshe ya kuskure guda. Ta rubuta ya kuskure guda. Ya leƙa takardar, yanzu da yake yana iya karantawa, ya ce, "Ko wannan ɗayan ba za ki bar min ba?" Ta ce, "Ka ci, Baba. Amma ɗayan yana nan." Ya yi dariya har da buga ƙafa.

Ya karɓi makullinsa. Yau shekara biyu ke nan, kuma ya zame wa direbobin unguwa masifa. Duk wanda ya gani yana ƙanƙance ido wurin karanta lambar mota, sai ya kama hannunsa ya ce gobe asibiti. Rannan ina ɗinki na ji shi a ƙofar gida da wani abokinsa mai jan tanka. Mutumin yana cewa, to ai tunda 'yarka ce a wurin, ka yi mata magana ta sassauta min. Direba ya ajiye soso a bokiti, ya miƙe tsaye, murya har tsallaken titi.

Ya ce, "Sassauci? Je ka tambaya a asibitin nan kaf. Ni ubanta, ni na haife ta, ta kayar da ni a gaban yayata. Kai wa?"

Ya faɗe ta kamar wanda aka ba lambar girma. Na tsayar da keke na leƙa ta taga, sai na hango Auta ta shawo kwana, farar rigarta a ninke a hannu. Tun daga can nesa ya gan ta, ya ɗauko soson ya ɗaga mata.